Kwalbar da Ke Jakar Lombe

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina sauran, ina sauran", ku yi min afuwa. Wutar Lusaka ce ta yi halin nata, da cajin maƙwabta na rubuta wannan. Wadda ta ce na faye tausayin Lombe kuma, na ji, ba kuma zan daina ba.

*

Lombe ta daina jin ƙafafunta.

Tun jiya da hantsi take tsaye a kan Sampa, ga shi wata ranar ta sake yin tsaka, naƙuda ta ƙi gaba ta ƙi baya. Zafin Oktoba ya cika ɗakin haihuwar, fankar sama tana juyi kamar wadda aka yi wa dole.

"Anti, bayana."

"Ga ni nan."

Ta sa tafin hannu biyu a ƙugun yarinyar ta danna, tana fitar da numfashi a hankali don Sampa ta bi ta.

Wannan ce rakiya ta ƙarshe da ta rage wa Lombe. In Sampa ta sauka lafiya, Sista Chirwa ta sa hannu, shi ke nan ta zama dula mai takardar shaida, ta huta da zaman kitso a kasuwa da bayanta da ya gama mutuwa. Dula ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta allura. Nata ta zauna da mai naƙuda, ta shafa baya, ta goge gumi, ta riƙe hannu, ta hana tsoro samun wurin zama. Aiki ne da ake wa kallon wasa, sai wanda ya yi shi. Don takardar nan Lombe ta sayar da injin busar gashinta, ta koma aji da 'yan matan da ta haifi sa'anninsu, tana haddar sunayen ƙasusuwan ƙugu da tabarau a kan hanci.

Ƙofa ta buɗe, Sista Chirwa ta shigo.

Ita ce malamarsu, ita ce kuma ungozomar da ke kan aiki yau. Doguwa ce busasshiya, ba ta ɗaga murya, ba ta maimaita magana. Bara ta kori wata ɗaliba ana gab da kammalawa, a kan ƙwayar ciwon kai da ta ba mai naƙuda don tausayi. Dokarta kowa ya haddace: hannun dula na shafa baya ne, wadda ta shigo mata ɗaki da abin sha in ba ruwa ba, ta manta ta taɓa saninta.

Ta duba Sampa, ta cire safar hannu ta jefa a kwando.

"Bakin mahaifar yana nan inda na bar shi da safe. Likita ya ce a ƙara mata ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, ruwan naƙuda zan ɗaura mata."

"To, Sista."

"Ke kuma je ki sa wani abu a cikinki, kin fi mai naƙudar kama da mara lafiya. Ki gaya wa danginku su daina leƙo min taga."

"Zan gaya musu."

"Tun farko na ce miki rakiyar dangi ta fi ta bare wuya. Ke kika ce kin ji kin gani."

Lombe ta rataya jakarta ta fita, ta san gaskiya aka faɗa.

A gindin mangwaron da ke bayan ɗakin ta same su. Bana Katongo, wato uwar Katongo a yarensu, surukar Sampa, yayar marigayi mijin Lombe, ta shimfiɗa zani ta miƙe ƙafa. Kwanon tuwon nshima da ƙananan kifin kapenta na gefe a rufe, ba wanda ya taɓa. Ɗanta Katongo, mijin Sampa, yana tsaye jingine da bishiya, idanunsa jajir.

"Bana Mwaba, ya ake ciki?" Da sunan 'yar Lombe ta fari tsohuwar take kiranta.

"Ana nan dai, Ba Mayo. Haihuwar fari ce, takan ja." A yarensu Mayo uwa ce, Ba kuma girmamawa.

"Takan ja." Tsohuwa ta yi tsaki. "Ni za ki gaya wa haihuwar fari? Na haifa, na karɓa, na binne. Wannan incila ce. Namiji ya taka waje matarsa na da ciki, ya ɗaure mata hanya. Ga mai laifin nan a tsaye kamar turken wuta."

"Mayo, don Allah, mutane na ji," in ji Katongo.

"Su ji mana! Da kake yi ka nemi shawarata? Direban babbar mota, yau Nakonde gobe Kasumbalesa, ka kwana ka wuni a layin boda, ka ce min Littafi Mai Tsarki kake karantawa a ƙarƙashin mota?"

"Barci nake yi a ƙarƙashin mota, Mayo. Sauro ne kaɗai ya san jikina."

"To faɗi sunan sauron."

Da wata ranar ce da Lombe ta yi dariya. Yau ko ƙarfin murmushi ba ta da shi.

Katongo ya juyo gare ta, muryarsa ta dushe.

"Ba Lombe, ke ki gaya mata. Na rantse da kabarin mahaifina ban taɓa ba. Amma in ƙarya za ta sa Sampa ta sauka, yanzu sai in ƙirƙiro suna. Mayo, wacce kike so? Doguwa ko gajera?"

"Tafi can ka ba ni wuri, mara kunya."

Ya tafi yana share fuska da gefen riga. Lombe ta bi shi da kallo, tausayinsa ya kama ta.

Sai da ya sha kwana tsohuwa ta kwance bakin zaninta. Ƙaramar kwalbar lemo ce, cike da ruwa mai duhu kamar shayin da ya kwana.

"Saiwoyi ne, daga Kasama aka aiko min. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, wannan yana kwance ƙulli. Na namiji, na mace, duka. Kurɓa uku kawai."

"Ba Mayo..."

"Ni sun hana ni shiga. Ke kuwa kina shiga kina fita kamar kazar gidan."

"Ba zan iya ba."

"Me kika ce?"

"Irin saiwoyin nan matse mahaifa suke yi. Anjima za a ɗaura mata ruwan naƙuda, shi ma matsewa yake yi. In suka haɗu a jiki ɗaya, mahaifa yagewa take. An nuna mana."

"An nuna muku. A littafi." Tsohuwa ta kaɗa kai. "Abin da kakanninmu suka yi da zani ɗaya a ƙugu, shi ne yau ake sayar muku da takarda. Shafa baya! Wai sai an je makaranta."

"In aka kama ni da wannan, karatuna ya tashi a banza."

"Karatunki."

Wata mata a shimfiɗar da ke kusa ta daina ɓare gyaɗa ta kasa kunne.

"Ranar da ƙanena ya mutu," in ji tsohuwa, muryarta ta sauka, "dangi suka zo da mota za su kwashe gado da katifa da tukwane, su bar ki da yara a kan siminti. Wa ya kwanta a bakin ƙofa ya ce sai dai su taka shi?"

"Ke ce."

"Na taɓa goranta miki?"

"Ba ki taɓa ba."

"Yau ma ba gori nake yi ba. Roƙo nake."

Sai ta dafa ƙasa, ta juya da ƙyar, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo a gaban Lombe. Ta tafa hannu a hankali, irin tafin roƙo, sannan ta ɗaga kwalbar da hannu biyu.

"Ba Mayo, tashi! Don Allah tashi!"

"Ba zan tashi ba."

Duk matan da ke gindin mangwaron sun zubo ido. Wa zai bar tsohuwa a ƙasa? Ko mahaukaciya ta san in babba ya durƙusa ya miƙo abu da hannu biyu, ba a barin hannun a sama. Kafin Lombe ta gama tunani gwiwoyinta sun kai ƙasa, hannuwanta sun karɓa. Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya, ta rasa wanda za ta ji haushin.

Ta cusa kwalbar a jaka. A ranta ta riga ta tsara: ta biya banɗaki ta tuttular, ta dawo ta ce an sha. Tsohuwa ta samu kwanciyar hankali, Sampa ta tsira, ita ma takardarta ta tsira.

Ta juya ke nan tsohuwa ta ce, "Na riga na kira Sampa a waya, na ce saƙo na zuwa."

Lombe ba ta waiwaya ba.

Ta doshi banɗaki da sauri. Saura ɗan taku ta isa, ihu ya tsaga barandar.

"Anti! Anti Lombe! Wayyo, zan mutu!"

Ƙafafunta da kansu suka sauya hanya. Ta faɗa ɗakin, ta wurga jakar a kan kujerar da ke gefen gado, ta tare Sampa da ke ƙoƙarin zamewa ƙasa.

"Riƙe wuyana. Yawwa. Saki kafaɗa. Hura, hura, kamar kina fifita koko."

Ciwon ya hau, ya yi tsiri, ya sauka. Sampa ta kwantar da kai a ƙirjin Lombe tana haki, gumi ya jiƙe kitson da Lomben ce ta yi mata makon jiya.

"Ina saƙon Mayo?"

"Wane saƙo?"

"Anti, kar ki yi min haka."

"Ba za ki sha ba."

"Ke kika ce min dula ta mai naƙuda ce. Kika ce abin da nake so shi za a yi."

"Na ce abin da kike so. Ban ce abin da zai kashe ki ba."

"Ai mutuwar zan yi dama."

"Rufe min baki. Kowace mai haihuwar fari haka take cewa, gobe ki same ta tana faɗa a kan wa ya cinye mata nama."

Sampa ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta kalli ƙofa, ta kalli taga, sannan ta jawo kunnen Lombe kusa da bakinta.

"Ba Katongo ba ne."

"Me?"

"Yana can yana shan zagi a banza. Ni ce."

Sampa ta ci gaba da raɗa.

"Lokacin da su Katongo suka maƙale a boda, cikin yana ƙarami. Wani ne da muka taɓa nema tun muna makaranta. Sau ɗaya ne, Anti, wallahi sau ɗaya. Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba." Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. "Kin san abin da ake faɗa. Macen da ta yi haka, tana ɗora ido a kan jaririn take cikawa. Shi ya sa ya ƙi fitowa. Ya sani."

Lombe ta nemi mamaki a ranta ba ta samu ba, gajiya ta cinye shi. Tausayi ne kawai ya rage, mai nauyi. Ta ɗauki tsumma ta goge wa yarinyar fuska.

"Saurare ni da kyau. Na raka 'yan mawaƙan coci, na raka masu aiki a mashaya, ban taɓa ganin jaririn da ya tambayi uwarsa inda ta kwana ba. Kan yaron ne bai zauna daidai ba, shi ke nan. Maganar nan kuma ta mutu a kunnena."

"Ko Mayo?"

"Ko fasto."

Sampa ta lumshe ido. Numfashinta ya lafa, har Lombe ta ɗauka maganar ta shige ta.

"Ƙishirwa nake ji, Anti."

Jug ɗin ya ƙafe. Lombe ta ɗauka ta fita.

Famfon yana can ƙarshen baranda, ruwan yana zuwa siriri kamar zare. Ta tara jug ɗin, ta jingina goshi da bango don ta ɗan huta wuya. Ta ce bari ta rufe ido na ƙiftawa ɗaya.

Sanyin ruwa a ƙafarta ne ya tashe ta. Jug ya cika ya tumbatsa, ya jiƙa mata takalmi.

Jakar!

Ni dai ba zan zage ta ba. Wanda bai taɓa kwana a tsaye ba shi zai tambayi yadda aka yi ta manta.

Da gudu ta koma, ruwa na zuba a hanya. Tun daga ƙofa warin ya tare ta, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗaci. Jakar tana buɗe a kan kujera. Sampa na zaune a bakin gado, leɓɓanta sun yi duhu, kwalbar a hannunta.

"Sampa! Nawa kika sha?"

"Duka."

"Kurɓa uku aka ce!"

"Laifina ya fi kurɓa uku, Anti."

Lombe ta kai hannu za ta fizge kwalbar, sai ƙarar taya ta taso daga baranda. Sampa ta firgita ta saki. Kwalba ta faɗi, ta gangara a hankali ta bi siminti, ta je ta tsaya a jikin farin takalmin Sista Chirwa, wadda ta shigo tana tura ƙarfen rataye ruwa.

Sista ta sunkuya ta ɗauka. Ta shinshina bakin kwalbar, fuskarta ba ta sauya ba.

"Ta waye?"

"Tawa ce," in ji Sampa da sauri. "Tun jiya a gida na sha, kafin mu taho. Kwalbar ce ta biyo kayana."

"Tun jiya da safe?"

"Eh, Sista."

"Kalle ni. Ba don in yi miki faɗa nake tambaya ba. In abin nan yana jikinki yanzu, ba zan sa miki ruwan nan ba. Yaushe kika sha?"

"Tun jiya."

Sista ta juyo ga Lombe.

"Ke kina tare da ita tun da ta shigo. Kin ga ta sha wani abu?"

Lombe ta gyara riƙon jug ɗin.

"Ban... ban gani ba, Sista."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ta san ƙarya ta yi.

Sista Chirwa ta jefa kwalbar a kwando ta wanke hannu.

"Ku da saiwoyinku. Ku sha a gida, ku zo nan ku ce mana ruwa ne. Allah ya taimake ki tun jiya ne, ya riga ya gama abin da zai yi." Ta rataya ledar ruwan, ta kama bayan hannun Sampa tana neman jijiya. "Dunƙule. Yawwa."

Allura ta shiga. Ta manne da filasta, ta jona robar.

Lombe na tsaye da jug a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ga kanta a kasuwa, a kan ɗan benci, kan wata a tsakanin cinyoyinta, daga safe har fitilu su kama, har ranar da yatsun za su ƙi lanƙwasa. Ta ga 'yan ajinsu suna ɗaukar hoto da takardunsu. Wataƙila ma ba abin da zai faru. Mata nawa suka sha suka haihu lafiya? Wataƙila saiwoyin sun tsufa a hanyar Kasama.

"Lombe."

"Na'am, Sista."

"Na lura da ke tun jiya." Sista ba ta ɗago ba, tana kore iska daga robar da ɗan yatsa. "Ba ki zauna ba, ba ki ɗaga mata murya ba, kin tare min tsohuwar can. Da kika zo aji na ce wannan ba za ta kai ba, ta tsufa da koyo. Na yi kuskure. In yarinyar nan ta sauka, ki same ni a ofis in sa miki hannu."

Tun da Lombe ta san matar nan ba ta taɓa jin ta yabi ɗan Adam ba. Sai yau.

Sampa ta laluba ta kamo hannunta ta matse, tana girgiza kai a hankali, idanunta na roƙo. A ƙarƙashin rigar asibitin cikin ya fara taurin da bai yi ba tun jiya, Lombe na kallon yadda ya dunƙule ya ƙi saki.

Babban yatsan Sista ya hau kan ɗan makunnin da ke buɗe ruwan.

"Sista."

"Mene ne?"

Farcen Sampa ya nutse a fatarta.

"Kar ki buɗe."

"Saboda me?"

"Ba jiya ta sha ba. Yanzu ta sha, kafin ki shigo. Kwalbar cike take, ta shanye duka. A jakata ta ɗauka."

Yatsan ya sauka daga kan makunnin.

Sista Chirwa ba ta kalli Sampa ba, duk da nishin da ya fara ƙwace mata. Ta juyo gaba ɗaya, a hankali, ta cire tabarau.

"A jakar wa kika ce?"